Baffa na Ƙarshen Kanal

Ranar da Allah ya karɓi ran Baffa, ƙanin mahaifina, takalman gudu sun fi silifa yawa a ƙofar gidanmu. Bayan sallar asuba ya cika, daidai lokacin da 'yan ƙungiyarsa ta gudu suke bakin kanal suna atisayen da suka saba, labarin kuma ya same su a waya. Babu wanda ya koma gida ya sake kaya. Haka suka juyo, na Kura da na Bunkure da waɗanda suka taso daga wajen Kadawa, suka shigo unguwa a guje, gumi sharkaf, har tsohuwa mai ƙosai ta miƙe tana salati, ta ɗauka gobara ce. Da aka zo sallar gawa Liman ya dube su, ya dubi gwiwoyin da ke waje, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa. Ya ce, "A samo musu abin rufe gwiwa su shiga sahu. Su ma 'ya'yansa ne."

A wajen zaman makoki na ji maganganu iri-iri. Ardon rugar da ke bayan kanal ya zo da jama'arsa, ya zauna kusa da ni. Da ya tashi magana sai ya ce, "Shekara da shekaru yaranmu suna zuwa suna ɗauke masa kofin gasar gudu a gaban 'yan garinsu. Wallahi ko sau ɗaya ban ga ya ɓata fuska ba. Shi ne ma mai fara rungume su." Wani tela daga Bunkure, wanda ɓarin jikinsa na hagu ya taɓa shanyewa, ya zo yana jan ƙafa, ya durƙusa, ya kasa ko cewa ya haƙuri. Kuka yake kamar yaro, har mu masu mutuwar muka koma ba shi haƙuri.

A cikin gida kuwa matar Baffa, wadda muke kira Inna, ita ce ta sa mata dariya suna tsakiyar kuka. Ta ce, "Ku duba min mutumin nan don Allah. Kullum shi ne na ƙarshe, sai an yi ta jiransa har abinci ya huce. Yau kuma ya tashi ya riga kowa."

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne Baba, mahaifina, wan mamacin. Yana zaune a kan buzunsa da carbi, duk wanda ya ce ya haƙuri sai ya ce da godiya, iyakarta ke nan. Sai ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu, kyaftin ɗin ƙungiyar ya matso ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "Baba, Allah ya ƙara haƙuri. Dama maganar gasar bana ce, ga shi ta matso, mun ce mu ji daga bakinka."

Baba ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ce, "Wace gasa? An binne ta tare da mai ita."

Maganar nan tana da nauyi, don a gefen gonar Baba ake tashin gudun, kuma kofin da usur ɗin Baffa duk suna ɗakinsa, tunda shi ne babba, wurinsa aka tara kayan mamaci. In ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Na ga yadda fuskar yaran nan ta canza. Tun daga ranar na ƙudura zan rubuta abin da na sani game da Baffa, don kada nan da 'yan shekaru a ce da yaro wai akwai wani dattijo da ya taɓa gudu a bakin kanal, ya ce ƙarya ne.

Baffa bai fara gudu don wasa ba. Kakanmu ya bar gonaki biyu a layin kanal ɗaya, ɗaya a bakin ƙofar ruwa, ɗaya can a ƙarshe, inda kanal ɗin ya tsuke ya koma ɗan lambatu. Baba ya ɗauki ta bakin ƙofa. Ba na cewa ya yi zalunci, shi ne babba, iyalinsa sun fi yawa, kuma Baffa da bakinsa ya ce, "Yaya, ɗauki ta sama." Amma duk wanda ya yi noman rani ya san abin da ake nufi da gonar ƙarshe. Ranar da layinku yake da ruwa, kafin ya iso gare ka sai kowa ya sha ya ƙoshi. Wannan ya tare da buhun yashi, wancan ya tare da laka, wani ya buɗe nasa ya tafi shan shayi ya manta. Kai kuwa kana can kana kallon tumatirinka yana lanƙwashewa.

A lokacin Baffa ko keke ba shi da shi. Sai ya riƙa bin bakin kanal a guje, ya hau sama, ya cire abin da aka tare, sannan ya juyo a guje don ya riga ruwan isa gona, ya buɗe masa fangali, wato ɗan kwamin da ake shuka a ciki. In ya yi sanya ruwan ya riga shi, sai ya malale a banza. Yakan ce shi ruwa ne ya koya masa gudu, kuma malami ne marar tausayi, ba ya jiran ɗalibi.

To a garinmu, namiji da gemunsa ba ya gudu haka kawai. Duk inda ya gifta sai ka ji an ce, "Lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau!" bai tsaya ba. Wata rana har maza suka ɗauki sanduna suka rufa masa baya, sun ɗauka ɓarawo yake bi. Sai da suka isa gonar ƙarshe suna haki kamar za su shiɗe, suka tarar da shi ya sunkuya yana gyara bakin fangali da fartanya. Ya ɗago ya ce, "Madalla, tunda kun zo ku kama min wancan layin." Cikin waɗanda suka bi shi ranar akwai samari da suka ji daɗin abin, washegari suka dawo. Daga nan ƙungiya ta samo asali, mutanen gari kuma suka laƙaba mata 'Yan Lafiya Lau don tsokana. Baffa ya ce sunan ya yi, a bar shi.

Daga baya ya sayi babur, ya kuma sayi injin ban-ruwa, buƙatar tsere da ruwa ta kau. Gudun dai bai bari ba. Da an sallame asuba za ka gan shi da kambas ɗinsa da ya sha ɗinki, da usur a wuya, samari suna biye, har da magidanta masu tumbi waɗanda likita ya tsorata da maganar hawan jini. Ba ya tsawa, ba ya wa'azi. Abin da ba ya ɗauka guda ne, ka taka shukar mutane. In ƙafarka ta zame ta faɗa gonar wani, sai ka tsaya ka miƙar da abin da ka kwantar, ka nemi mai gona ka ba shi haƙuri, ko da kai ne kan gaba.

Baba kuwa abin nan bai taɓa yi masa daɗi ba. A ganinsa zubar da girma ne, mutum da furfura yana tiƙar gudu kamar wanda aka koro. Ya yi faɗan a ɗaki, ya yi a zaure, ya haɗa shi da Liman, duk a banza. Rigimar ta kai ƙarshe ranar da aka zo neman auren yayata. Kowa ya san uba ba ya bayar da 'yarsa da kansa, ƙaninsa ko wansa ne waliyyi, saboda haka Baffa ake jira. Dattawan gidan mijin sun zo da manyan riguna, sun cika zaure, an kawo ruwa, an gaisa, an sake gaisawa, babu Baffa. Can sai ga shi ya faɗo, wandon gudu, singileti, gumi yana ɗiga daga gemu. Wai wani yaro ne ya gurɗe a hanya ya tsaya ya goya shi zuwa gida. Ya ce a yi masa afuwa, ya zauna a haka, ya karɓi gaisuwa, ya bayar da 'ya.

Baƙi na fita Baba ya rufe shi da faɗa. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban taɓa jin muryarsa ta yi sama haka ba.

"Ka kunyata ni! Ka kunyata gidan nan! Surukai sun zo, ka fito musu kamar ɗan dako!"

Baffa ya ce, "Haba Yaya. 'Yar suka zo nema ko wandona?"

Wannan amsa ita ta ƙara wa wutar fetur. Baba ya ce, "To ka ji. Ku yi ta gudunku har ku gaji. Amma ni ƙafata ba za ta taɓa taka wurin shirmen nan naku ba."

Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya." Ba su yi gaba ba. Tare suke cin tuwon dare, tare suke zuwa Juma'a, in ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ba ya barci. Maganar gudu ce kawai ba ta sake shiga tsakaninsu ba, Baba kuma ya riƙe kalmarsa gam.

Gasar shekara-shekara ana yin ta ne lokacin da tumatir ya fara ja. Ana tashi daga ƙofar ruwa, gefen gonar Baba, a bi bakin kanal tiryan-tiryan har gonar Baffa, wato dai hanyar da ya sha bi yana tsere da ruwa. Baba bai taɓa hana a taru a gefen gonarsa ba, sai dai ranar yakan juya baya ya yi ta aikinsa kamar bai san ana yi ba. Kyaututtuka kuwa abin da gari yake da shi ne. Masu injin casa na Kura su kawo buhun shinkafa, dillalan tumatir su kawo kwanduna, Ardo ya jawo ɗan akuya, wani mai shago ya ba da takalma. Akwai ta samari, akwai ta magidanta, akwai ta wanda bai fashi atisaye ba duk shekara. Akwai ma wadda Baffa ya ƙirƙiro don tsokana, ta wanda ya fi kowa kawo uzuri, ita kuwa kwandon tattasai ce, wai ko ya ji zafi ya motsa. Sannan ga babban kofi, wanda ya sayo a Kano tun da daɗewa, gefensa ya lotsa don ya taɓa faɗowa daga kan babur. Ana ƙaunar kofin nan kamar na zinariya.

Abin da ya bambanta gasarmu da ta ko'ina shi ne dokar baya. Baffa ba ya shiga tsere. Idan aka tashi, sai ya bari kowa ya wuce, sannan ya bi bayan wanda ya fi kowa rauni. Ba ya wuce shi ko da rarrafe yake. Kuma ba a taɓa kyauta ko ɗaya sai ya iso ya busa usur. Bayan haka, wanda ya zo na ƙarshe a cikin masu gudu shi ne zai ɗauki kofi ya miƙa wa na ɗaya. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ni manomin ƙarshe ne. A wurina ba a gama ban-ruwa ba sai fangalin ƙarshe ya sha."

Ni na san daɗin dokar nan fiye da kowa, don ni gudu bai karɓe ni ba. Ban taɓa cin ko cokali ba. Amma kofin nan na riƙe shi fiye da wasu gwanayen, tunda na sha zuwa na ƙarshe. Kana tafe numfashinka yana fita da ƙyar, haƙarƙari kamar ana soka maka tsinke, ga kunya, sai ka ji takunsa a bayanka, ƙaf, ƙaf, ƙaf. Ba zai ce yi sauri ba. Sai ya kama yi maka hirar farashin taki, ko ya tambaye ka wai me ya sa albasar wane ta fi ta wane girma. In ka tsaya shi ma ya tsaya, ya miƙo maka gorar ruwa da dabino, ya yi kamar shi ne ya gaji. Wata shekara na ce masa, "Baffa, don Allah ka wuce, ni na haƙura." Ya ce, "In wuce in je ina? Ai ni kai nake bi, ban san hanya ba." Hanyar da ya fi kowa sani a duniya!

Shekarar da na fi alfahari da ita, ita ce ta telan nan. Bayan ciwon ya kwantar da shi, ya daina fita, ya rufe shago, ko masallaci sai an matsa. Baffa ya riƙa zuwa Bunkure yana fito da shi, yau su taka zuwa bakin titi, gobe su ƙara kaɗan. Da gasa ta zo tela ya ce sai ya shiga. Iyalinsa suka ce za a yi masa dariya. Baffa ya ce, "Duk mai dariya ya fara da ni, don ni ne a bayansa."

A shekarar kuma aka yi mana babban baƙo, wani mai neman kujera, da motoci da 'yan rakiya. An kafa masa rumfa, an ajiye masa kujera mai laushi. Jikan Ardo ya shigo na ɗaya, ƙafa ba takalmi, ko haki ba ya yi. Sauran suka yi ta shigowa har aka ƙare, saura tela da Baffa. Rana ta ɗaga, ta fara cizo. Baƙo ya dubi agogo, ya sake duba. Wani cikin 'yan rakiyarsa ya zo wurin kyaftin ya ce mai girma yana da wani taron, a kawo kofi ya miƙa a ɗauki hoto.

Baffa ba ya wurin, ku tuna. Babu mai ganinsa, babu mai tsawata wa kowa. Kyaftin ɗin nan, yaro ne da bai wuce sa'an ƙanena ba, ya je gaban baƙo ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mana haƙuri. Usur bai busa ba."

Aka ce ya san da wa yake magana? Ya ce ya sani, amma usur bai busa ba. Jikan Ardo ma, da aka ce ya zo ya karɓa, ya noƙe kafaɗa ya koma bayan kakansa. Baƙo ya shiga mota ya tafi da jama'arsa. Wallahi ban taɓa jin garinmu ya yi min girma a ido kamar ranar ba.

Sai wajen hantsi ya gota suka bayyana, tela yana jan ƙafa, rigarsa ta jiƙe, Baffa a bayansa da taku ɗaya. Babu wanda ya yi dariya. Mata da suka zo sayar da kunu su ne suka fara guɗa. Da usur ya busa aka ɗauki tela cak aka ɗora a kujerar nan mai laushi da baƙo ya bari, aka sa masa kofi a hannunsa mai lafiya, ya miƙa wa ɗan Fulani. Bayan sati ya buɗe shagonsa. Shi ya ɗinka wa ƙungiya rigunan da take sawa har yau.

A 'yan shekarun nan gwiwa ta kama Baffa. Gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya da sanda. Muka ce ya hau babur ya bi bayan, ya ce wanda yake kan babur bai san abin da na ƙasa yake ji ba. Bara sai da muka jira shi fiye da yadda muka jira tela. Da ya iso ya ce, "Kun gani? Yanzu na cancanci wurin nawa da gaske, da can alfarma ake min."

Wannan shi ne mutumin da Baba ya ce an binne gasarsa. Bayan addu'ar bakwai muka shiga neman hanya. Liman ya yi magana, Baba ya ce ya ji. Ardo ya zo takanas, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya raka shi har bakin hanya, bai sauya ba. Ni ma na gwada. Na ce, "Baba, yaran nan ba su da abin da za su yi masa sai wannan." Ya ce, "Su yi masa addu'a. Gudu ya taɓa shigar da wani aljanna?" Na lura dai tun rasuwar ba ya cin abinci sosai, kuma in an kawo tuwon dare yakan tura kwanon gefe kaɗan, wajen da Baffa yake zama, sannan ya tuna ya jawo.

Inna ce ta aika a kira shi. Tana cikin takaba, saboda haka daga bayan labule ta yi magana, ni na raka shi, ina tsugune a bakin ƙofa. Bayan sun gaisa ta ce, "Yaya, ba roƙonka zan yi ba, kai ne babba. Abu ɗaya nake so ka sani. Duk shekara ranar gasar nan sai ya sa na ba da sabuwar tabarma an shimfiɗa a gindin mangwaron gonarsa. Ba ya bari kowa ya zauna a kai. In na ce ta wace ce, sai ya ce ta Yaya ce, ko zai zo. In an tashi ya naɗe ta ya dawo min da ita, ya ce ajiye, sai baɗi."

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," ya tashi ya fita.

Ana jibi ranar da aka saba yi, ya kira ni bayan la'asar. Ya miƙo min kofin a cikin buhu, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ku je ku yi. Ni ba ruwana."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. Usur ɗin fa?"

Ya ce, "Abin da na ba ka ke nan."

Muka yi murna, amma murnar da sauranta. Wa zai bi baya? Aka ce kyaftin, ya ce shi bai isa ba. Aka ce ni, tunda ɗansa ne kuma dama can wurina ne, na ce ku rufa min asiri, ƙafata ba za ta iya taka wurin nan ba. A ƙarshe muka bar shi haka, babu kowa. Muka ce in na ƙarshe ya shigo sai a yi fatiha a raba kyauta.

Ranar gasa jama'ar da ta taru ban taɓa ganin irinta ba. Daga Madobi ma an zo. Da tafi aka tashe mu, tunda babu usur. Na waiga na ga Baba a cikin gonarsa, ya juya baya kamar kullum, yana gyara bakin fangali. Hanyar nan ta yi min tsawo ranar. Na yi ta kasa kunne ko zan ji ƙaf, ƙaf a bayana, babu komai sai ƙarar ruwa. Ni da tela muka shigo tare, muka rufe.

Aka yi fatiha. Kyaftin ya ɗauko kofi ya riƙe. Wani ƙanin jikan Ardo ne ya ci, yana tsaye yana jira. Daga nan sai abu ya tsaya. Babu wanda ya ce a fara. Kowa ya juya yana kallon bakin kanal, manya da yara, har masu kunu. Mun san babu mai zuwa, mu muka binne Baffa da hannunmu, amma jikinmu ya saba, ya ƙi yarda. Tabarmar Inna tana shimfiɗe a gindin mangwaro, don ta aiko da ita kamar yadda aka saba.

Ardo ne ya fara gani, idon makiyayi. Ya ce, "Akwai mutum a hanya."

Can nesa wani farin abu yake motsi a kan bakin kanal, a hankali. Da ya ƙara matsowa na gane hular, na gane sandar. Baba ne, da rigarsa ta zuwa masallaci da takalmin roba, mutumin da ya girmi Baffa, wanda ko kasuwa ba ya zuwa a ƙasa. Ya sha zuwa gonar nan a bayan babur ta titin mota, amma bai taɓa takowa ta bakin kanal ba. Wani yaro ya tayar da babur zai je ya ɗauko shi, Ardo ya sa sanda ya tare gabansa. Ya ce, "Ƙyale shi."

Muka jira. Ya tsaya ya huta a kan sandarsa, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Babu wanda ya zauna, babu wanda ya nemi inuwa. Da ya iso, gefen rigarsa duk laka, leɓɓansa sun bushe, bai dubi kowa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da usur. Busawar farko iska ce kawai ta fita, don numfashinsa bai dawo ba. Ya sake cika ƙirji ya busa, ta fita siririya, tana rawa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, kuma da na duba ba ni kaɗai ba ne.

Kyaftin ya durƙusa ya miƙa masa kofi, ya ce, "Baba, doka ce. Na ƙarshe ne yake bayarwa." Baba ya karɓa, ya shafa wurin da ya lotsa da babban yatsansa, ya miƙa wa ɗan Fulanin, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sannan na kama hannunsa na kai shi gindin mangwaro, ya zauna a kan tabarmarsa.

Ana can ana rabon shinkafa da kwanduna, ana guɗa, shi kuwa yana kallon ɗan lambatun da ke shigo da ruwa gonar, ruwan da bai fi a tsallaka shi da taku ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya bi bakin kanal da ido har inda ya ɓace, wajen gonarsa. Na miƙa masa ruwa, ya riƙe bai sha ba.

Ya ce, "Ashe haka wurin nan yake da nisa."

Ya Allah, ga Baffa nan ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba Yayansa haƙurin rashinsa. A duniya shi ne na ƙarshen layi, bai taɓa ƙorafi ba. A can ka saukar da shi a bakin ƙoramu, inda ruwa zai same shi yana zaune.